Baƙo Mai Alƙalami

Zangon Kwatano,
Fabrairu 1993

Zuwa ga Yaya Mardiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙane ga yayarsa, da fatan kina lafiya, ke da Baban Fauziya da Fauziya 'yar ɗakina. Ki durƙusa mini gaban Inno ki ce ɗanta yana nan garau, har kumatu ya yi. Yaya ƙafar tata? Tana shafa man nan kuwa, ko ta tura shi ƙarƙashin katifa kamar yadda ta saba?

Yaya, ki daina damuwa da abin da nake ci da inda nake kwana. Tun da na bar Duwala ban taɓa biyan kuɗin ɗaki ba. Sunan Baba shi ne fasfo ɗina. Duk zangon Hausawan da na shiga, da na ce ni ɗan marigayi Malam Abdulƙadir ne, fatoman New Bell mai saukar da fatake, sai wani dattijo ya miƙe ya kama hannuna: "Gida mai rijiya biyu? Ai can na sauka shekarar da na kai goro!" Shi ke nan, an shimfiɗa tabarma, an kawo tuwo. Kin tuna yadda muke jin haushin fataken nan suna cinye mana miya? Ashe ni Baba yake yi wa tanadi.

Yanzu ina gidan Alhaji Ɓoɓɓo, dillalin goro. Da safe in zauna bakin gidan waya in rubuta wa mutane wasiƙu, abin da na samu ya ishe ni takarda da biro da koko. Da rana in yi nawa rubutun. In gari ya ishe ni sai in hau saman motar kaya, direbobi ba sa karɓar kuɗina saboda ina hana su gyangyaɗi da hira. Daga nan sai Lome, sai Kumasi, sai Abijan in Allah ya so. Marubuci sai ya ga duniya, Yaya, ba zai yiwu ya zauna yana kallon kwatar New Bell ba.

Ga albishir: littafina ya fito! Wani mai ɗab'i a Kano ya buga shi. Sunansa *Mai Kifin Ndogbong*. Kada gabanki ya faɗi, na canza miki suna, na sa Hawa'u. Labarin jarumtarki ne a shekarar vil mort, lokacin da aka rufe gari, aka sallami Baban Fauziya daga aikin tashar jirgin ruwa, kika riƙe gidanki da na Inno da hannunki biyu. Wani ɗan Alhaji ya karanta a nan har ya share ido. Wallahi za ki yi alfahari da ƙanenki.

Amsa ki ba Sali direba, ki rubuta a baya: ta hannun Alhaji Ɓoɓɓo. Ko na yi gaba, shi zai miƙa wa maigida na gaba, haka wasiƙu suke bina gida-gida.

Ƙanenki,
Zailani

New Bell, Duwala,
Afrilu 1993

Zailani,

Wa alaikumus salam, don amsa sallama dole ne. Inno tana nan, ƙafar da sauƙi. Fauziya ban san yadda ta kwana ba, domin ba ta hannuna. Baban Fauziya kuwa ka tambaye shi da kanka.

Littafinka ya riga wasiƙarka isowa. Bari in gaya maka yadda na sadu da shi, tunda kai mai son labari ne.

Ana lallen biki a gidan surukata Hajiya Kulsum. Mata sun cika tsakar gida, kowa hannu da ƙafa a ƙunshe, ba mai iya motsi. Ka san abin da ake yi a irin wannan zaman: a samu mai murya ta karanta wa jama'a littafi. Bilkisu ƙanwar mijina ta ce ta sayo sabo a hannun masu goro, kuma ɗan unguwa ne ya rubuta. Ni ce mai kwaɓa lalle, na naɗe hannun riga har gwiwa, ina murmushi kamar wawuya don an ambaci sunanka.

Ta fara. Matar aure, 'yar malami, ta sa kaba irin ta matan Duwala don kada a gane ta, ta hau bendisikin, babur ɗin haya, zuwa unguwar Ndogbong, tana gasa kifi a ƙofar mashaya, masu kwalba a hannu suna kiranta Mami. Mata suka ɗauki salati, wasu suna tofa yawu. Ni ina ta kwaɓa lalle, ina cewa a raina ya Allah, ya Allah. Sai ta zo wurin da ka ce gidan uban matar rijiya biyu gare shi, ɗaya ta baƙi, ɗaya ta iyali. Tsakar gida ta yi tsit. Bilkisu ba ta lura ba, ta ci gaba, ta karanta tabon ƙunan da ke wuyan hannun hagu. Hajiya Kulsum ta juyo wajena. Hannuna kawai ta duba, sai kowa ya duba.

Ka canza suna! Sannu da ƙoƙari, malam marubuci. A New Bell kaf, daga masallaci har layin dogo, gida nawa ne mai rijiya biyu?

Baban Fauziya ya sani tun farko. Yana jin ƙaurin hayaƙi a jikina, bai taɓa tambaya ba, ni ban taɓa faɗa ba, haka muka rufa wa juna asiri. Amma tunda an karanta a gaban uwarsa da matan unguwa, ya ce in je gida tukuna. Hajiya ta riƙe Fauziya, wai yarinyar da aka ciyar daga ƙofar giya tana buƙatar tarbiyya. Yanzu ina ɗakin Inno da akwatina.

Kai kaɗai na yarda ka gan ni a wurin nan. Kai kake riƙe mini kwando zuwa bakin titi. Ashe kana riƙe kwando kana auna ni da ido.

Ka ce sunan Baba ne fasfo ɗinka. To ni ma 'yarsa ce, kuma ni na ɗora wa fataken nan tukunya, ni na wanke kwanukansu, kai kana kwance kana karatu. Wallahi tallahi sai kowane gida daga nan zuwa Abijan ya san irin aikin da baƙonsa yake yi.

Mardiya

Lome,
Yuni 1993

Yaya Mardiya,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan zuciya ta sauka. Ni lafiya lau, sai ɗan zazzaɓi da ya taɓa ni ya wuce. A gaishe da Inno.

Wasiƙarki ta same ni a nan bayan ta yi yawonta. Raina ya ɓaci ƙwarai da abin da ya faru, amma Yaya, ki duba da kyau: wa ya kore ki, littafi ko Hajiya Kulsum? Ni na rubuta mace mai zuciya, su suka ga abin kunya. Da Bilkisu ta kai ƙarshe, da sun ji inda na ce matar nan ta fi mazan unguwarsu duka. Laifina ne mutanenmu ba sa bari a gama labari?

Batun rijiyoyi kuwa, ba za ki gane ba sai kin taɓa rubutu. Labari ba ya tsayawa da ƙafarsa sai da abu na gaskiya a ciki. In na cire rijiyoyin nan, ya zama gidan kowa, ba wanda zai ji shi a jikinsa. Na yi tunani a kan tabon, na so in mayar da shi hannun dama, sai na ga ai da hagu kike juya wayar gashin kifi. To ya zan yi?

Zan rubuta wa Baban Fauziya da kaina. Mutum ne mai sanyi, kafin damina ta ƙare kin koma ɗakinki, ki ce ni na faɗa.

Abin da kika rufe da shi, cewa za ki sanar da gidaje aikina, har dariya ya ba ni. Na san fushinki tun muna yara, na rabin yini ne, da yamma ke ce za ki ajiye mini ƙanzo. In ma kin faɗa musu, ai talla kika yi mini, merci. Yanzu haka na yi nisa a littafi na biyu, a kan zangunan nan da mutanen cikinsu. Abin da nake gani a gidajen nan, Yaya, sai wanda ya gani!

Maigidana na nan ya ɗan canza mini fuska kwanan nan, ya ce yana son ɗakin don za a zuba goro. Ba komai, dama ƙafata tana ƙaiƙayin Kumasi.

Ƙanenki,
Zailani

Tashar mota, Kumasi,
Satumba 1993

Mardiya,

Salamu alaikum. Ki gaishe da Inno, kada ki gaya mata inda nake rubuta wannan. Lafiyata kuwa ki tambayi sauron tasha, su suka fi kowa saninta.

Ashe da gaske kike.

Na shiga Kumasi na nufi gidan da Baba ya fi kowane alheri a kansa. Maigidan ya tare ni a zaure, ya gaishe ni har da tambayar rijiyoyi, ya sa aka kawo mini ruwa. Da na sha, sai ya ce a hankali: "Ɗana, an ce kana rubuta abin da ka gani a gidan da ka kwana. Ni ina da iyali." Bai ɗaga murya ba. Ya rako ni har bakin titi, ya yi mini addu'a. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Gida na biyu haka, na uku ma ko ruwan ban samu ba. In na bi layi, mata sai su ja ƙofa. Masu zuwa in rubuta musu wasiƙa sun ɗauke ƙafa, wa zai faɗa wa mai tonon asiri abin da ke cikinsa? Direbobin da nake hana wa gyangyaɗi yanzu in na matso sai su yi shiru. Kuɗin ɗakin haya ban taɓa samunsa ba, kin sani. Ina kwana a benci, jakata matashina. Ruwan da aka yi makon jiya ya shiga jakar, rabin littafin da na ɓata watanni a kansa ya zama kunu. Na zauna ina ɓamɓare shafi daga shafi, yaran mota suna mini dariya.

Kin ji daɗi? Ni na ɓata miki suna a unguwa ɗaya, ban kuma yi da niyya ba. Ke kin bi ƙasa huɗu kin ɓata nawa, kina sane. Kin ɗauki abin da Baba ya ƙare rayuwarsa yana ginawa kin mai da shi sanda.

To ki saurara. Littafin zanguna ya mutu, amma hannuna bai mutu ba. Zan rubuta wani, kuma wannan karon ba Hawa'u. Kowa da sunansa na yanka: Hajiya Kulsum, da ɗanta mai jin ƙauri ya yi shiru, da yayar da ta kwantar da ƙanenta a tasha. Sai an karanta shi a kowane zaman lalle daga New Bell har Sodiko.

Kada ki neme ni. Duk motar da ta yarda ta ɗauke ni gobe, ita zan bi. Ba ni da maigida, ba ni da inda za a ce ta hannun wane. Haka kika so.

Zailani

New Bell, Duwala,
Nuwamba 1993

Zailani,

Wa alaikumus salam. Muna nan yadda ka bar mu, ko ƙasa da haka.

Ka tambaya ko na ji daɗi. Na ji. Na karanta wasiƙarka, na sake karantawa don daɗin kawai. Wurin da littafinka ya zama kunu har na kira Allah na gode masa. Yanzu ka san yadda ake ji mutum ya gaishe ka da ladabi alhali yana jira ka bar masa wuri. Ni kullum haka nake ji, a famfo, a marshe wurin cefane, a gidan suna.

Kuma ka daina cewa na ɓata maka suna. Ƙarya na yi? Na share ɗakin baƙin Baba, na dafa wa Sali da masu goro tuwo kamar dā, da suka ci suka ƙoshi na ce musu magana ɗaya: ɗan gidan nan yana rubuta abin da ya gani a inda ya kwana, ku gaya wa masu masauki. Ban ƙara gishiri ba. Kai da bakinka ka ce labari ba ya tsayawa sai da gaskiya a ciki.

Rubuta na biyun, sa sunana da manyan baƙaƙe. Me ya rage da za ka tona? Wasiƙar da ka ce za ka aiko wa Baban Fauziya har yau tana hanya. Fauziya sai dai in laɓe a lungu in gan ta za ta islamiyya. Rannan ta hango ni ta ɗago hannu, Bilkisu ta sauke mata shi.

Yanzu ka ajiye wannan gefe, ka ji abin da ya sa na ɗauki biro. Inno ba ta da lafiya. Ƙafar ta kumbura har cinya, ba ta iya zuwa ko bakin rijiya. Abinci sai da lallashi. Duk motar da ta tsaya a layi sai ta ce in leƙa ko kai ne. Ban gaya mata komai ba, na ce kana Kumasi gidan mutanen Baba, ana kula da kai.

Ba don ni ba, ni ban ƙi in mutu ban sake ganinka ba. Ka zo ka ga uwarka. Sali zai tashi jibi, na ce ya sa wannan a hannunka, kuma ya taho da kai ko a saman kaya ne.

Mardiya

New Bell, Duwala,
Maris 1994

Zailani,

Assalamu alaikum. Ban san ko kana lafiya ba, ban san ko kana raye ba, amma ina gaishe ka.

Inno ta rasu ana gab da kama azumi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun da aka karya darajar sefa magani ya gagare mu, amma likita ya ce ko da magani lokaci ya yi. An yi mata sutura a gida, an ɗebi ruwan wankanta a rijiyar iyali. Mutane sun zo har daga Japoma. Kowa yana tambaya ina ɗanta.

Za ka ga wata wasiƙa a cikin wannan, ta watan Nuwamba, ba a buɗe ba. Sali ya dawo mini da ita. Ya bi gidajen Kumasi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ai mun sallame shi kamar yadda aka aiko, ba mu san inda ya nufa ba. Ya aika Abijan, can ma ba gidan da ka sauka. Wani dattijo har cewa ya yi a gaishe da 'yar Malam, a gaya mata sun riƙe amana.

Akwai saƙonka, shi ya sa nake rubutu. Ana saura 'yan kwanaki, Inno ta ce, "Ɗauko littafin yaron nan ki karanta mini." Na ce Inno, ban da shi. Ta ce, "Yana ƙasan akwatinki, ina jin ki kina buɗe shi." Haka na zauna bakin gadonta na karanta tonon asirina da bakina, tun daga kaba har tabo. Idonta a rufe, na ɗauka ta yi barci. Da na kai ƙarshe ta ce, "Ya ƙare?" Na ce ya ƙare.

Ta ce, "A'a, yaron nan bai gama ba. Ya faɗi wadda ta gasa, bai faɗi waɗanda suka ci ba. Kifin da bai sayu ba, ina yake zuwa? Ni na ci. Mijinki ya ci. Kulsum ta sha aiko da kwano, ba ta taɓa tambayar kogin da ya fito ba. Shi kuwa mai rubutun, kan kifin yake so, har rigima yake yi in an ba wani. Ki gaya masa ya ƙarasa."

Ba ta tsaya nan ba. Da Hajiya Kulsum ta zo dubiya da matan layinsu, Inno ta sa na tayar da ita zaune, ta maimaita maganar nan a gabansu, ba ta rage ko kwano ba. Hajiya ta yi ta gyara mayafi. Ranar rasuwa ta turo Fauziya zaman makoki, har yau ba ta aiko a ɗauke ta ba. Tana nan kusa da ni tana barcin rana. Babanta yakan zo ya zauna a zaure ya sha ruwa ya tafi, bai ce komai ba tukuna, ni ma ban ce ba.

Maganarta ta ƙarshe a kanka ita ce na kasa mantawa. Ta ce, "Kin aika masa?" Na ce na aika. Ta ce, "Ta hannun wa?" Na buɗe baki, ban sami sunan da zan faɗa ba. Matar fatoma ce, ta san abin da shirun nan yake nufi. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta juya fuskarta bango.

Kada ka ɗauka na yafe. Ka tsiraita ni a tsakar gida, na kwantar da kai a tasha, kuma har yanzu in na tuna hannun Fauziya da aka sauke, ji nake bai ishe ka ba. Amma ɗakin baƙi yana nan a share. Gidan nan bai taɓa mayar da baƙo ba, ba zan fara a kanka ba. Ka zo ka ga kabarinta, ka zauna ka ƙarasa abin da ta ce, Bilkisu ta karanta shi a inda ta karanta na farko. Kafin nan, a rijiyar baƙi za ka sha ruwa.

Na rubuta sunanka a bayan ambulan, sai na tsaya, domin a ƙarƙashinsa sunan maigida ake sawa. Na bar wurin fari. Sali ya ce zai bi tasha-tasha yana tambayar mai kwana da jaka a ƙarƙashin kai.

Yayarka,
Mardiya